Me ke jefa ƙasa cikin rikicin bashi, kuma wa ke ɗaukar asarar?

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce yaya za a yi ƙasa guda, mai gwamnati da babban banki da masu karɓar haraji, ta wayi gari ta ce ta kasa biyan bashi? Kuma idan ta kasa, me ke biyo baya? Ka haɗa da abin da ya ɗaure maka kai: bashin gwamnatin Japan ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, amma ba a taɓa jin masu bin ta bashi sun tsaya mata a ƙofa ba, alhali ƙasashen da nasu bai kai rabin haka ba sun durƙushe.

Misalin Japan ɗin nan da ka kawo shi ne bakin zaren, don haka daga nan zan kama. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a kan gwamnatoci maganar ta fi zama gaskiya. Kusan babu gwamnatin da ba a bin ta, kuma kusan babu wadda ke biyan bashinta ta wanke hannu kamar yadda magidanci ke yi. Abin da take yi shi ne ta sayar da takardun lamuni masu wa'adi, na wata uku ko shekara biyar ko shekara talatin, ta riƙa biyan kuɗin ruwa, ranar da wa'adin uwar kuɗin ya cika sai ta sayar da sababbin takardu ta biya tsofaffin. Haka ake ta juyawa shekara da shekaru ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Rikici yana farawa ne ranar da gwamnati ta fito da sababbin takardu masu kuɗi suka noƙe, ko suka ce ba za su saya ba sai da ruwan da ba za ta iya ɗauka ba. To, ga wa'adin tsohon bashi ya cika, kuma rana ba ta ƙarya. Duk sauran bayanin da zan yi maka amsa ce ga abu ɗaya: me ke sa masu ba da rance su noƙe?

Na farko, kuma shi ya fi kowanne nauyi a wurina, shi ne da wane kuɗi aka ci bashin. Japan ta ci nata da yen, kuɗin da babban bankinta ke bugawa, kuma mafi yawan masu riƙe da takardun 'yan ƙasar ne, har da babban bankin kansa. Ba yadda za a yi yen ta ƙare wa gwamnatin Japan. Ajantina kuwa a 2001 bashinta bai wuce wajen rabin abin da take samarwa a shekara ba, amma mafi yawansa da kuɗin waje ne, musamman dala, wadda ba ta da injin buga ta. Tun 1991 ta ɗaure kuɗinta, peso, da dala ɗaya bisa ɗaya. Da igiyar ta tsinke a farkon 2002, dala ɗaya ta koma sama da peso 3, sai bashin ya ninka kusan sau uku a ma'aunin tattalin arzikin ƙasar ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Lissafin mai sauƙi ne. A ce gwamnati ta ranto dala biliyan 1 lokacin da dala ke daidai da 100 na kuɗinta. Idan dala ta koma 200, harajin da za ta tara don biyan wannan bashin ya ninka, alhali albashin masu biyan harajin yana nan inda yake.

Kada ka ɗauka mai cin bashi da kuɗinsa ya tsira baki ɗaya. Idan ya koma buga kuɗi yana biya, hauhawar farashi ce za ta cinye ajiyar mutane da albashinsu. Asarar tana nan, hanyar da ta biyo ce ta bambanta. Girka kuma matsayinta na daban ne: bashinta da yuro ne, kuɗin da mutanenta ke kashewa a kasuwa, amma ikon buga shi yana hannun Babban Bankin Turai a Frankfurt. Saboda haka ta ɗanɗani irin wahalar mai bashin kuɗin waje, kuma ba ta da damar karya darajar kuɗinta don kayanta su yi arha a waje.

Abu na biyu da nake dubawa kafin in kalli girman bashi shi ne nawa gwamnati ke tarawa, kuma nawa kuɗin ruwa ke kwashewa daga ciki. Ba da tattalin arzikin ƙasa ake biyan bashi ba, da abin da ya shiga baitulmali ake biya. Siri Lanka ta nuna wannan a fili. A ƙarshen 2019 sabuwar gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta zabtare haraji, harajin sayen kaya ya sauko daga kashi 15 zuwa kashi 8 cikin 100. Kuɗin shigar gwamnati ya faɗo ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, kuma kuɗin ruwa kaɗai ya riƙa cinye wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ɗan abin. Ana wata ga wata: harin bama-bamai na ranar Ista a 2019 da annobar korona suka kashe yawon buɗe ido, wanda yana cikin manyan hanyoyin samun dalarta. Kamfanonin da ke auna cancantar ƙasashe wajen cin bashi suka rage mata maki, kasuwa ta rufe mata ƙofa. Maimakon gwamnati ta kira masu bin ta bashi a zauna tun da sauran ƙarfi, sai ta ci gaba da ɗiban asusun ajiyar kuɗin waje tana biya, har ya kusa ƙarewa ƙarƙaf. A 2021 kuma ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa da ganyen shayi ya faɗi. A Afrilun 2022 ta sanar da dakatar da biyan bashin waje, karo na farko tun samun 'yancinta.

Sai kuma me aka yi da kuɗin. Bashin da aka gina tashar lantarki ko tashar jiragen ruwa mai aiki da shi yana iya biyan kansa, domin tattalin arziki zai girma fiye da ruwan da ake biya. Wanda aka toshe giɓin albashi da shi, ko aka zuba a aikin nuna isa, ko aka sace, wa'adinsa zai cika bai haifi komai ba. Mafi muni shi ne wanda aka ɓoye. A 2016 ta bayyana cewa gwamnatin Mozambik ta tsaya wa wasu kamfanoninta uku lamunin wajen dala biliyan 2, da sunan jiragen kamun kifi da tsaron gaɓar teku, ba tare da amincewar majalisa ba. Masu ba ta tallafi suka janye, kuɗinta ya faɗi, ta kasa biya. A Girka ma ramin ƙarya ne ya ƙure. A Oktoban 2009 sabuwar gwamnatin George Papandreou ta bayyana cewa giɓin kasafin kuɗin shekarar ya haura kashi 12 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, nesa da abin da aka faɗa a baya, daga baya ma lissafi ya wuce kashi 15, alhali ƙa'idar ƙasashen yuro kashi 3 ce. Mai ba da rance yana iya jure labari marar daɗi, amma da zarar ya gane alƙaluman da ake ba shi ba gaskiya ba ne, ba ya tsayawa jin bayani.

Duk wannan laifin mai cin bashi ne, amma zan yi maka rashin adalci idan na tsaya nan. Sau da yawa ashanar daga waje ake ƙyasta ta. Bayan tashin farashin mai a 1973, ƙasashe masu arzikin mai suka cika bankunan Amurka da Turai da daloli, bankunan kuma suka bi gwamnatocin Latin Amurka da Afirka suna tallar rance, da ruwan da ke hawa da sauka bisa yanayin kasuwa. Daga 1979 shugaban babban bankin Amurka, Paul Volcker, ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin 100 don ya karya hauhawar farashi a ƙasarsa. Bai yi don kowa a waje ba, amma bashin waɗancan ƙasashe ya yi tsalle, dala ta yi tsada, farashin kayan da suke sayarwa ya faɗi. A Agustan 1982 Mekziko ta ce ba za ta iya biya ba, ƙasashe da dama suka biyo ta, kuma shekarun 1980 suka zama shekaru goma da Latin Amurka ta yi asararsu. Shekara arba'in bayan nan kusan labarin ya maimaita kansa: bayan dogon lokaci na rance mai arha, ga korona, ga yaƙin Yukiren da tsadar abinci da mai, ga Amurka ta ɗaga ruwa a 2022. Zambiya ta riga ta kasa biyan dala miliyan 42.5 a Nuwamban 2020, Gana ta dakatar da biya a Disamban 2022, Habasha ta bi a Disamban 2023. Ƙasar da abu ɗaya take sayarwa a waje, kamar jan ƙarfe ga Zambiya, ita ce ta fi saurin jin wannan girgizar. Kuma wanda ya ba da rance yana ganin hatsarin, ya saka ruwa mai yawa saboda hatsarin, ba shi da bakin cewa an mamaye shi.

Akwai ma gwamnatin da ba ita ta ci bashin ba. Bashin gwamnatin Ailan a 2007 bai wuce wajen kashi 25 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Bankunanta ne suka zuba kuɗi a harkar gidaje, da kasuwar ta fashe gwamnati ta tsaya musu a Satumban 2008, sai bashin 'yan kasuwa ya koma wuyan mai biyan haraji. A 2010 giɓin kasafinta ya kai kashi 32 cikin 100, ta nemi agaji.

Wani abin da ya kamata ka riƙe shi ne tsoro da kansa yana iya haifar da abin da ake tsoro. Idan masu kuɗi suka zaci ƙasa za ta kasa biya, sai su nemi ruwa mai yawa, ruwan mai yawa kuma shi zai sa ta kasa. A tsakiyar 2012 Italiya da Sifen sun kama wannan hanyar. Da shugaban Babban Bankin Turai, Mario Draghi, ya yi alkawari a watan Yuli cewa bankin zai yi duk abin da ake buƙata don kare yuro, sai ruwan ya fara sauka, kuma shirin sayen takardun da aka sanar bayan nan ba a ma taɓa amfani da shi ba. Ƙasashe matalauta masu bashin dala ba su da mai yi musu irin wannan alkawari.

Yanzu ga abin da ke biyo baya, kuma nan ne lissafi ke shiga cikin gidajen mutane. Farko kuɗin waje ke ƙarewa, kuɗin ƙasa ya faɗi, duk abin da ake shigo da shi ya yi tsada ko ya ɓace. A Siri Lanka mutane sun yi kwanaki a layin mai, an riƙa ɗauke wuta har awa 13 a rana, asibitoci sun rasa magani, an ɗage jarrabawar 'yan makaranta saboda babu takardar da za a buga tambayoyi. Hauhawar farashi ta kai wajen kashi 70 cikin 100 a Satumban 2022. A Gana ta haura kashi 54 a Disamban wannan shekarar.

Daga nan sai bankuna, kuma wannan ne mutane da yawa ba sa hangowa. Bankunan cikin gida da asusun fansho su ne manyan masu sayen takardun gwamnati. Idan takardun suka zama ba su da daraja, ajiyar talaka ce ta shiga hatsari. Kowa ya ruga ya cire nasa, gwamnati ta sa takunkumi. A Disamban 2001 Ajantina ta taƙaita cire kuɗi zuwa peso 250 a mako, kuma daga baya aka mayar da ajiyar dala zuwa peso a farashin da ya cuci masu ita. A tsakiyar 2015 an rufe bankunan Girka na tsawon mako uku, ba ka cire fiye da yuro 60 a rana. A Labanon, wadda ta kasa biya a Maris ɗin 2020, bankuna sun zuba dalolin masu ajiya a babban banki da takardun gwamnati, kuɗin ƙasar ya yi asarar sama da kashi 90 cikin 100 na darajarsa, mutanen da suka yi shekaru suna tarawa suka koma roƙon a ba su nasu.

Gwamnatin da kasuwa ta rufe wa ƙofa takan nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, wanda ke ba da rance bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu: ƙarin haraji, cire tallafi, rage albashi da fansho, sayar da kamfanonin gwamnati. Ba na cikin masu cewa duk wannan zalunci ne, domin gwamnatin da ke kashe abin da ba ta da shi, kuma babu mai ranta mata, dole ta rage ko da IMF ko babu. Amma akwai iyaka. Idan aka matse da ƙarfi lokacin da tattalin arziki ke kwance, mutane su daina saye, kamfanoni su rufe, haraji ya ragu, sai nauyin bashin ya ƙaru maimakon ya sauka. Haka aka yi a Girka. An ba ta rancen ceto na yuro biliyan 110 a Mayun 2010 ba tare da an rage bashin ba, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya tafi wajen biyan masu bin ta, cikinsu har da bankunan Faransa da Jamus. Tattalin arzikinta ya ragu da wajen kashi ɗaya bisa huɗu, rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin 100 a 2013, na matasa ya wuce rabi, dubban ɗaruruwa suka bar ƙasar, cikinsu har da likitoci da injiniyoyi. Bashin da yake ƙasa da kashi 130 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a 2009 ya kai wajen 180. Sai a 2012 aka yanke fiye da rabin darajar takardun da ke hannun 'yan kasuwa, bayan da yawa daga manyan masu bin bashin sun riga sun karɓi nasu sun fice. A 2013 IMF da kanta ta amsa cewa ta raina illar da matsin zai yi, kuma da an rage bashin tun farko da ya fi.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne rabon asarar. Ministan da ya sa hannu ya bar kujera, bankin da ya shirya cinikin ya karɓi ladansa tun ranar farko, sai a aika takardar biya ga malamin makaranta da ɗan fansho da mai jinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma wannan cin ba ya jiran ranar da aka kasa biya. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna mutum biliyan 3.3 na zaune a ƙasashen da ke kashe wa kuɗin ruwa fiye da abin da suke kashe wa ilimi ko lafiya. Irin waɗannan ƙasashe ba su shiga kanun labarai ba, domin suna biya a kan kari, amma yaron da ya tashi ba makaranta mai kyau ba rigakafi ba zai dawo da waɗannan shekarun ba.

Siyasa kuwa ba ta tsira. Shugaba Fernando de la Rúa na Ajantina ya sauka a Disamban 2001 bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka, kuma cikin mako biyu mutum biyar suka riƙe kujerar. Rajapaksa ya tsere daga Siri Lanka a Yulin 2022. A da can abin ya fi haka: Masar ta sayar wa Ingila hannun jarinta na mashigin Suwez a 1875 saboda bashi, a 1876 Turawa masu bin ta suka kafa hukumar da ke kula da kuɗin shigarta, a 1882 sojojin Ingila suka mamaye ta. Yau ba a turo jiragen yaƙi, amma ƙasar da ke hannun masu bin ta bashi ba ita kaɗai ke rubuta kasafin kuɗinta ba.

Me ya sa warwarewa ke daɗewa? Saboda kamfani idan ya karye akwai kotun da za ta tara masu bin sa ta raba abin da ya rage, ƙasa kuwa ba ta da irin wannan kotu. Sai dai a yi ciniki da kowane rukuni: gwamnatocin da ke Kulob ɗin Paris, zauren ƙasashe masu ba da rance wanda ya faro a 1956, da ƙasar Sin wadda ta zama babbar mai ba ƙasashe matalauta rance amma ba mamba ba ce, da dubban masu riƙe da takardu a kasuwa, da IMF da Bankin Duniya waɗanda a al'ada ba a rage nasu. Kowa yana jiran ɗayan ya fara sassautawa, don kada abin da ya yafe a biya wani da shi. Akwai kuma kamfanonin da ake yi wa laƙabi da ungulu, masu sayen bashin ƙasar da ta faɗi da arha su garzaya kotu neman cikakken kuɗi. Wajen kashi 93 cikin 100 na masu bin Ajantina sun amince da ragi a 2005 da 2010, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi, NML Capital, ya sa aka tsare jirgin ruwan sojan ƙasar a tashar Tema ta Gana a 2012, kuma shari'ar da aka yi a New York ta hana Ajantina biyan sauran har sai da ta sasanta da su a 2016. Saboda irin wannan ne yanzu ake sa sharaɗi a takardun lamuni cewa idan mafi rinjaye suka yarda da ragi, ya hau kan kowa. Ƙasashen G20, wato masu manyan tattalin arziki a duniya, sun kafa wani tsarin haɗin gwiwa a 2020 don a gaggauta, amma Zambiya ta shafe sama da shekara uku kafin ta kammala da masu riƙe da takardunta a 2024. A tsawon wannan jira masu zuba jari ba sa zuwa, ayyuka suna tsaye.

Ra'ayina, bayan duk wannan, shi ne jinkiri ya fi kasa biyan kansa ɓarna. Gwamnati tana jin kunyar amsa cewa bashi ya fi ƙarfinta, masu bin ta suna son a ci gaba da biya har su fice, sai a ƙone ajiyar kuɗin waje a kan bashin da kowa ya san sai an rage shi. Ƙasashen Latin Amurka sun yi shekara bakwai ana ba su sabon rance su biya tsoho kafin shirin Brady, wanda Amurka ta gabatar a 1989, ya yarda a rage. Ƙasashe matalauta sun jira har shirin yafe bashi na 1996 da faɗaɗa shi a 2005. Kuma ragin da aka yi da wuri, aka yi shi da gaske, yana aiki. A yarjejeniyar Landan ta 1953 an yafe wa Jamus ta Yamma wajen rabin bashinta na waje, aka tsara sauran yadda za ta biya daga rarar cinikinta da ƙasashen waje, wato masu bin ta sai sun sayi kayanta kafin su ga kuɗinsu. Cikin shekaru kaɗan masana'antunta suka miƙe, ta kuma biya abin da ya rage. Girka tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a kan wannan yafiyar.